A Nuna Wa Yaran Mandawari Hanyar Gona

'Yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, akwai wata magana da muke so mu ajiye a gabanku, ko da yake mun san waɗansu za su ce ba ta isa shiga mujallar ƙungiya ba, tun da ba zancen kuɗin makaranta ba ce, ba kuwa ta yajin aikin malamai ba. Magana ce ta gona da taki da yaran firamare.

Abin da ya tayar da ita shi ne, a zangon karatun da ya wuce an tura waɗansunmu koyon aikin koyarwa a wata makarantar firamare da ke wajen Mandawari, a cikin birni. Ran nan darasin aikin gona ya zo, sai ɗan'uwanmu ɗaya ya ga bai kamata ya shiga aji hannu rabbana ba, ya nemo zangarniyar gero ɗaya da ta dawa ɗaya, ya shiga da su aji 5. Ya ɗaga ta geron ya tambayi sunanta, aji ya yi tsit. Ya ɗaga ta dawar, can sai wani yaro ya miƙe da ladabi ya ce, "Malam, tsintsiya ce." Alhali kuwa yawancin yaran nan da koko suka karya a wannan safiya, da daddare kuma tuwon dawa ne ke jiran waɗansunsu. Da aka ce su kawo ire-iren ƙasar noma kuwa, sai suka haɗa baki suka rero su da Turanci ba gargada, kamar yadda aka rubuta musu a allo.

Mun yi dariya da ya ba mu labari, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Yaron ba shi da laifi. Wanda aka haifa a lungu, ya yi rarrafe a kan siminti, ya tashi yana ganin gero a kwanon awo a kasuwar Rimi, ina zai san kamanninsa a tsaye? Abin mamaki ma shi ne, kullum bakinsa cike yake da sunayen itatuwa bai sani ba. Yana zuwa gidan gwaggonsa a Ɗorayi, bai taɓa ganin ɗorawa ba, balle ya san daga kalwarta ake yin daddawar miyar gidansu. Yana jin masu adaidaita-sahu suna kiran Kurna da Giginyu da Kawo, ana aikensa Durumin Iya da Cediyar 'Yan Gurasa, duk a wurinsa sunayen unguwa ne kurum. In ka ce masa Gandun Albasa gandu ne na gaske a da, watau gona, sai ya zaci zolayarsa kake yi.

To, amma unguwar da yaron nan yake zaune a cikinta ba haka ta saba ba. Littafin Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga ƙasar Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, a cikinsu har da wani malami mai suna Mandawari wanda aka ba limanci, da shi ne kuma ake danganta sunan unguwar. Wuri ne na malamai da 'yan kasuwa tun fil'azal, amma gona ba ta taɓa yi masa nisa ba. Sarakunan da suka yi ta faɗaɗa ganuwa, irin su Muhammadu Rumfa, sun kewaye fili mai yawa wanda ba gida a kansa, domin ko abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya a sami wurin shuka da kiwo a ciki. Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya ƙiyasta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, saura duk gonaki ne da lambuna. Barth ma da ya zo a 1851 haka ya tarar, gari ya taru a kudu maso gabas, yamma da arewa fili. Ke nan yaron Mandawari na wancan zamani in ya miƙe ya nufi Goron Dutse ko Ƙofar Kabuga, sai ya ratsa hatsi kafin ya taɓa ganuwa. Ba muna cewa zamanin ba shi da aibu ba ne. Manyan gandayen sarauta irin na Fanisau da gumin bayi aka noma su, wannan kuwa ba abin kewa ba ne. Abin da muke nunawa shi ne, birni da gona a wuri ɗaya suke kwana.

Ko bayan gidaje sun fara cinye filin cikin ganuwa, akwai wata igiya da ta riƙe birni da karkara, wadda iyayenmu sun gan ta da idonsu. Igiyar nan kuwa jaki ne. Da rani, tun daga bayan girbi har ruwa ya kusa sauka, da sassafe za ka ga jakuna a jere suna shigowa ta ƙofofin gari ɗauke da itace da kara da hatsi da harawa. In an sauke musu ba a kora su gida wayam. Sai a cika mangala da taki, watau tokar murhu, da kashin awaki da tumakin da ke ɗaure a turke cikin gidaje, da sharar tsakar gida, da ƙaiƙayin da mata suka sheƙe, a bi da su hanyar da suka fito. A gona a zube shi tsibi-tsibi, sai hadari ya fara haɗuwa a baje. Abin da birni ya ci, ragowarsa na komawa inda ya fito, ya sake zama abinci.

Wannan al'amari ya ja hankalin masana. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya, daga baya ya zama shehun malamin labarin ƙasa a Jami'ar Bayero, tun a 1965 shi da abokin aikinsa suka buga nazari a kan karkarar da ke kewaye da Kano. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne, ƙasar jigawa ce, ruwan sama wata 4 ne ko 5 a shekara, mutane sun yi yawa har ba mai iya barin gonarsa ta huta, ana nomanta shekara da shekaru ba fashi. Bisa ka'idar littafi ya kamata ta mutu tuntuni, ta zama fako, amma ba ta mutu ba. Da aka bi diddigi sai aka ga asirin ba ya wuce abin da kowane ƙaramin manomi yake yi ba tare da ya kira shi kimiyya ba. Gero da dawa da wake a gona ɗaya ake shuka su. Gero ya riga nuna, a yanke shi tun damina ba ta ƙare ba, ya kori yunwa daga gida. Da an kwantar da shi wake ya sami sarari ya yaɗu, ya rufe ƙasa. Dawa ta tsaya ta sha raɓa, sai kaka ta yi sosai a girbe ta. Harawar wake da ta gyaɗa a ɗora su bisa itace, su ciyar da dabbobi da rani, dabbobi su mayar da taki. Kara ya zama danga da zana da makamashi, tokarsa ta koma gona. Bafillace ya zo bayan girbi ya kwana da shanunsa a gonar, su ci karmami su bar mata kashi. A cikin wannan tsari duka da wuya ka nuna abu ɗaya ka ce ga wanda aka yar.

A 1971 da 1972 wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta yi nazari a Ɗorayi, littafinta ya fito a 1977. Ta tarar da manyan gidaje a warwatse cikin gonaki, waɗansu ɗauke da mutum kusan 100 ko fiye, ta kuma tarar da talauci mai tsanani saboda gona ta yi wa mutane kaɗan. Yau Ɗorayi da Mandawari ƙaramar hukuma ɗaya suke, ta Gwale, kuma wanda ya tashi daga wannan zuwa waccan ba abin da zai ratsa sai kwalta da shaguna da bulo. Ƙidayar 1952 ta ba Kano mutum kimanin 130,000. Yanzu ana ƙiyasta ta haura miliyan 4. Mutanen nan dole su sami wurin kwana, ba mu musun wannan. Amma tun da Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, wa ke zana taswirar da ake yanka gonaki fuloti-fuloti? Wa ke sa hannu a takardar diyya? Mu ne, 'yan boko, mu da yayyenmu. Ma'aikacin da bai taɓa ganin damin da kadada ɗaya ke fitarwa ba, in aka shimfiɗa masa taswira a tebur, gona a idonsa farin wuri ne da ba a riga an yi kome a kansa ba. Yaron nan da ya kira dawa tsintsiya, nan da shekara 20 shi ne zai zauna a wannan tebur.

Igiyar jaki kuma ta tsinke, ba mota ce kaɗai ta tsinke ta ba, har da leda. Tun a shekarun 1990 masu bincike suka tarar manoman gefen Kano suna sayen sharar birni tifa-tifa don su zuba a gona, amma kukansu shi ne sharar ta sāke hali, ta cika da leda da kwalba da gwangwani, sai an zauna an tsince kafin ta yi amfani. Ledar da ta saura a gona takan naɗe saiwa, akuya ta haɗiye ta ta yi ta rama har ta mutu. Wadda ta tsaya a gari kuwa ita ce ke toshe kwalbati da magudana, ga shi kududdufan da ke tare ruwan sama an cike da yawansu an yi gini, shi ya sa da an yi ruwa mai ƙarfi lunguna ke komawa rafi. Sa'an nan ga Jakara. Daga cikin birni ta taso, ta bi ta gefen kasuwar Kurmi ta fita arewa maso gabas, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, har ta zube a madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir. A bakinta 'yan lambu ke ban ruwa, suna noman salak da kabeji da alayyafo da karas, masana na gida da na waje kuwa sun sha auna ruwan suna samun guba irin ta majemu a cikinsa. Kayan lambun nan kasuwannin birni suke dawowa. Watau har yanzu abin da birni ya zubar yana komo masa a kwano, sai dai a da albarka yake komowa da ita.

A 'yan shekarun nan an shigo mana da wata kalma, wai rayuwa mai ɗorewa. Ana kiran taro a manyan otal-otal a kanta, a raba jaka da alƙalami, a ci shinkafa a watse. Kalmar ba ta da laifi, ma'anarta ita ce mutum ya ci daga ƙasa ba tare da ya kashe ta ga na bayansa ba. Sai dai mu ba baƙuwa ba ce a wurinmu, abin da mai jakin nan yake yi ke nan tun kafin a raɗa mata suna. Bukatarta kuwa ta taso haiƙan. Takin zamani ya yi tashin gwauron zabo bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, zuwa Yunin 2024 hukumar ƙididdiga ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda, a watan Agusta kuma muka ga abin da yunwa ta fito da shi kan titunan Kano, da yawan waɗanda suka fito ma yara ne. Ra'ayinmu shi ne, wannan ilmi ba ya shiga ta allo, ta tafin hannu da tafin ƙafa yake shiga. Lalle ne a fitar da yaran birni zuwa gona, a kuma mai da fitar wani yanki na karatunsu, kamar lissafi.

Mun san za a ce ai an sha gwadawa. Gaskiya ne, kuma ya kamata mu dubi yadda aka gwada ɗin. Waɗanda muka yi makarantun da ke da gona mun san abin da gonar makaranta take nufi, wurin horo ce. Ka makara a miƙa maka fartanya, ka yi surutu a yanka maka kunya 5 da tsakar rana, manyan ɗalibai na tsaye da bulala. In amfani ya nuna a loda shi a mota, ba wanda ya gaya mana inda ya nufa. Abin da muka koya a wannan gona abu ɗaya ne, cewa noma azaba ce da ake yi wa mai laifi, kuma mun haddace darasin sarai. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, aka tura ɗaliban manyan makarantu ƙauyuka da babban hutu, ana biyansu alawus, wai su taimaka wa manoma su kuma wayar musu da kai. Saurayin da bai san bambancin gero da maiwa ba aka aika ya koya wa dattijon da ya yi damina 50 a duƙe! Shirin Shagari na 1980 ya biyo baya da taraktoci da buhunan taki, shi ma ya wuce. Ko a Tanzaniya, inda Nyerere ya tsara ilmin dogaro da kai a 1967, ya ce kowace makaranta ta zama gona, abin ya yi ta cin karo da jarrabawa, domin iyaye da malamai sun san ba a tambayar kunya a takardar fita.

Sai kuma irin na yanzu, wanda makarantun kuɗi suka fi yi, yawon buɗe ido. Sau ɗaya a shekara a cika mota da yara, a kai su wata ƙatuwar gonar kaji ko madatsar ruwa ta Tiga, a jera su a ɗauki hoto, a raba biskit da lemo, su watsar da ledar a wurin su dawo. Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo, da gonakin Kadawa da take shayarwa, abin gani ne ƙwarai. Amma wanda ya leƙa gona yini ɗaya ya ga hoto ne kawai, domin gona ba ta faɗin labarinta a rana guda.

Abin da muke nufi dabam ne. A ɗauki aji ɗaya, a ce aji 4, a haɗa shi da manomi ɗaya, ƙaramin manomi mai gona kadada 1 ko 2 da 'yan awakinsa, a wurin da mota za ta kai cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, kamar hanyar Gwarzo bayan an wuce Janguza, ko ƙasar Tofa, ko Kumbotso, ko Ungogo. Gonar nan ɗaya za su yi ta komawa sau 5 ko 6 har shekara ta zagayo. A sa fitar ranar Alhamis, tun da makarantun allo ba sa karatu a ranar, ba wanda zai ce an hana ɗansa karatun yamma. Wani abin sha'awa shi ne, kalandar makaranta da ta gona sun dace da juna ba tare da kowa ya shirya ba. Zango na biyu, Janairu zuwa Afrilu, lokacin kai taki ne. A nan aikin zai fara, kuma a cikin Mandawari zai fara. Kowane yaro ya riƙa zuwa da 'yar toka daga murhun gidansu, da kashin akuyar uwarsa, da ɓawon kayan miya, a tsince leda a ware ta gefe, a tara sauran a bayan aji. Ran da za a tafi a ɗura a buhuna, su ɗora a mota da hannunsu, su zube a gona da hannunsu. Sun zama jakunan kakanninsu ke nan, in an yafe mana kalmar. Zango na uku, Mayu zuwa Yuli, su riƙe sungumi su yi shuka, su dawo noman firi. Babban hutu ya ci maimai da yankan gero, wannan sai haƙuri. Da an koma a Satumba, sun shiga aji 5, ga roron wake, ga girbin dawa, ga ɗaurin dami da sussuka da zuba hatsi a rumbu. Rabonsu a dawo da shi makaranta a dafa, ko ɗanwake ne, kowa ya ci a gaban kowa.

A wannan aji manomi ne malami. A shimfiɗa masa tabarma a inuwa, yara su durƙusa su gaishe shi kamar yadda suke gaida hedimasta, a kuma biya shi ladan lokacinsa, kada a ce ya yi don Allah alhali kowa a tafiyar yana da albashi. Malamin aji aikinsa ya ƙulla abin da aka gani da littafi: a auna tsawon kunya, a ƙirga ramuka, a kafa gwangwani a auna ruwan da ya sauka, a rubuta labarin yini da Hausa mai kyau. A roƙi manomin ya yanka wa ajin kunya 10, biyar a sa musu takin da suka kawo, biyar a bar su haka, da kaka su auna da kansu su ga bambanci. In kuwa shekara ta ƙi, ruwa ya ɗauke ana tsakiyar bunni, ko wuta-wuta ta kama dawa, ko tsutsar nan mai cin masara da ta bayyana a ƙasar nan a 2016 ta sauka, kada a ɓoye musu. Yaron da ya ga shukarsa ta ƙone a gabansa, ya dubi fuskar mai gonar, ba zai ƙara zubar da tuwo a kwata da sauƙi ba, kuma in ya girma aka kawo masa takardar manoma suna neman agaji, ya san abin da ke bayan takardar.

Akwai abubuwan da sai a can za a gane su. A tumɓuke wake ɗaya a nuna musu 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa, a gaya musu a nan ne waɗansu ƙwayoyin halitta ke jawo sinadari daga iska suna ajiye wa ƙasa, irin wanda ake saye da tsada a buhu. A tsayar da su a gindin gawo da damina, su ga itacen da ke kaɗe ganyensa sa'ad da kowane itace ke tofo, ya bar wa hatsi rana, ya zuba masa taki, da rani kuma ya yi ganye ya ba dabbobi 'ya'yansa. Daga nan sai a ba su labarin 'yan'uwanmu na Maraɗi. Bayan farin 1973 an yi ta dasa itatuwa a Nijar suna mutuwa, sai a 1983 wani ma'aikacin gona mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa wajen sharar gona kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Aka shiga barin reshe ɗaya ko biyu a kowane kututture ana sassabe sauran, manoma suka kira abin sassaben zamani. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan kadada miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, ba da kuɗin gwamnati ba, da gatari da lauje. Hausawa ne kamarmu, ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa.

Uba zai ce, "Na sa ɗana boko ne don ya huta da fartanya." Wannan magana ba abin rainawa ba ce, wanda ya faɗe ta ya san zafin rana, wataƙila shi ya kore shi daga ƙauye. Amsarmu ita ce, ba cewa muka yi a mai da kowa manomi ba. Likita da alƙali da babban sakatare duk ci suke yi, kuma hukuncinsu na sauka a kan mai noma. Makarantar allo ma da aka gāda a unguwa irin Mandawari ta san wannan: malamai da yawa kan fita da almajiransu ƙauye su yi noma da damina, karatu bai tsaya ba, ko da yake inda aka mai da almajiri bawan gona an ci amana, ba kuwa irin wannan muke kira ba. 'Yan mata kuma da su za a tafi, tare da malamai mata. Akuyar da ke ba da takin ta uwa ce, gyaɗar a hannun mata take zama mai da ƙuli-ƙuli, kalwa a hannunsu take zama daddawa. In an bar su a gida an bar rabin darasin.

Zancen tsaro ya fi nauyi. Bayan abin da ya faru ga ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, da na Jangebe a Fabrairun 2021, da na Kuriga a Maris ɗin 2024, ba uwar da za a ce wa za a fita da ɗanta bayan gari gabanta bai faɗi ba. Shi ya sa muka ce kusa, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar, da sanin dagaci da mai unguwa, da iyaye biyu ko uku a cikin motar. Ran da aka ji ƙishin-ƙishin a fasa, ba gardama. Kuɗi kuwa, abin da ake bukata hayar mota ce sau 6 a shekara da ɗan hasafin manomi. Gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a Yunin 2024, ana gyaran azuzuwa ana sayen kujeru, madalla. Muna zaton abin da taron otal ɗaya ke ci zai ɗauki nauyin aji guda har shekara. Inda aji ya cika ya batse, kamar yadda muka gani a makarantar da aka tura mu, sai a kasa shi biyu ko uku, a nemi manoma maƙwabtan juna.

Saura namu. A cikinmu akwai masu karatun aikin gona, da na labarin ƙasa, da na koyarwa, kuma da yawanmu da kuɗin gero da wake aka biya mana rajista, ko da yake ba ma son a sani. Iyayenmu su ne manoman da ake nema. Jami'ar Bayero na da gonar koyarwa a sabon mazauninta, tana kuma da cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa tun 2012, ana iya kai yaran can sau ɗaya su ga sababbin iri da ban ruwa na ɗigo, bayan sun san gonar talaka. Ku kuma yayyenmu da ke hukumar ilmin firamare, abin da ake nema a wurinku takarda ce guda da za ta ba hedimasta izni ya fitar da aji ba tare da tsoron sufeto ba. Na KNARDA ku haɗa mu da malamin gona na yankin. Na ofishin filaye kuwa, in an kawo muku taswirar sabuwar unguwa, ku dubi ko an bar wa makarantar da aka zana a ciki ɗan wurin da za a haƙa ramin taki a shuka kunya goma.

Za mu kai wannan magana gaban majalisar ƙungiya a zamanta na gaba. Abin da za mu nema ƙanƙane ne: motar ƙungiya ranar Alhamis sau 6, aji ɗaya a Mandawari, da 'yan sa-kai 10 da za su raka malamin ajin. Wanda mahaifinsa ko kawunsa ke da gona tsakanin Janguza da Tofa, kuma yana ganin dattijon zai iya haƙuri da surutun yara, ya biyo ta ofishin ƙungiya ya rubuta sunan ƙauyen kafin ƙarshen Janairu, domin a fara tara toka da wuri, a kai ta gona kafin ruwan fari ya sauka.